Minti Hamsin na Malama Liyatu Kwaji

Liyatu Kwaji ta yi shekara takwas tana koyarwa a ajin da ke jikin nawa, a wata firamare da ke Lokuwa, nan cikin Mubi. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma bangon bai kai rufi ba, don haka duk abin da ta faɗa wa yaranta sai na ji shi, ko ina so ko ba na so. Ita ke da aji uku, ni Dibora ina da aji huɗu. Ta girme ni da shekara shida, Adda nake ce mata. Na san ta fiye da yadda na san wasu 'yan gidanmu, kuma har yau in na tuna da ita haushi ne ke fara zuwa mini kafin komai.

An haife ta a wani ƙauye a gindin duwatsun Michika. Mahaifinta manomin dawa da gyaɗa ne, kuma dattijo a majami'a. Ta gama aji bakwai da sakamako mai kyau, ta zauna gida tana taya noma, har ta auri Tizhe, wani birkila mai yawan dariya, suka sauko Mubi inda ake gine-gine. Da aka yi Jihar Gongola a 1976, shekarar kuma aka buɗe ilimin firamare kyauta, sai yara suka yi ta kwararowa makarantu babu masu koya musu. Aka shiga neman malamai ido rufe. Duk wanda ya iya rubuta sunansa ba tare da ya zaro harshe ba, an ɗauke shi. Haka aka kwashe mu, ni da ita, aka yi mana kwas na 'yan watanni, aka miƙa mana alli aka ce mu malaman wucin gadi ne.

Shekarar farko yara ɗari da huɗu aka zuba mata, wasu a kan benci, wasu a kan duwatsun da suka ɗauko daga gida. Wannan na jin Fulatanci, wancan Gude, wancan Kamwe irin namu, Hausa ce kawai ke haɗa su, ita ma irin tamu ta Mubi wadda ba ta damu da raba namiji da mace ba. Liyatu ba ta da daɗin murya, ba ta iya waƙa ba, rubutunta a allo kuma kullum gangarawa yake yi. Abu ɗaya ta iya wanda ban ga wani ya iya kamarta ba, shi ne koya wa yaro ya lissafa tsawon lokacin da ya wuce tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza.

Karanta agogo ba shi ne matsala ba. Kowace malama tana da agogon kwali mai hannu biyu da aka kafe da ƙusa, kuma in ka juya wa yaro sau goma zai faɗa maka ƙarfe takwas ne ko takwas da rabi, ko da babu agogo a gidansu, yawancinsu kuwa babu. Inda gizo ke saƙar shi ne ka ce an fara shara ƙarfe takwas, an gama ƙarfe sha ɗaya, awa nawa aka yi? Sai ka ga aji guda sun ɗaga yatsu, takwas, tara, goma, sha ɗaya, su haɗa baki su ce maka huɗu. Ka ce uku ne, su ce to, uku ne. Gobe ka sake tambaya da wasu lambobi, su sake ƙara maka ɗaya. In an zo wurin minti kuwa ba a magana, don ɗari suke arowa a inda ya kamata su aro sittin, su kawo maka amsar da ko mahaukaci ba zai karɓa ba. Ni dai nakan rubuta musu ɗebewar a allo, su kwafa, mu wuce babi na gaba.

Ita ma ta yi shekara biyu tana dukan tebur a kan wannan. Wata rana lokacin tara, muna zaune ƙarƙashin mangwaro muna ɓare gyaɗa, sai ta ce mini ta gano yaran ba daƙiƙai ba ne, mu ne ba mu lura da yadda muke ƙirga kwana ba. Daga kasuwar Laraba zuwa ta Laraba, tsofaffinmu kwana takwas suke cewa, domin suna haɗawa da ranar da suke ciki. In an yi rasuwa a gidan Musulmi ran Litinin, ran Laraba ake sadakar uku. Mu kuma a majami'a tun muna ƙanana ake faɗa mana Jumma'a, Asabar, Lahadi, rana ta uku. Ta ce yaron da ya tashi a cikin wannan, ka zo masa rana ɗaya da agogon kwali ka ce kada ya ƙirga na farko, ai gani zai yi kai ne ba ka iya ƙirga ba. Na ce mata to an ji, sai me? Ta yi banza da ni, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta.

Da damina ta faɗi sai ta je wajen hedimasta, Malam Hayatu, ta roƙi kunya goma sha biyu a gefen gonar makaranta, ta ce kada a shuka musu komai. Ya yi ta mita, don shi mutum ne da ba ya son ganin ƙasa a banza, amma ya ba ta. Ta kafa turke a bakin kowace kunya ta rubuta lamba, daga ɗaya zuwa sha biyu. Sai ta fito da yara. Ta tsayar da ɗaya a kan kunya ta takwas, ta tambaye shi ko ya je wani wuri, ya ce a'a, tsaye yake. Ta ce ya tsallake kwari zuwa ta tara, wannan awa ɗaya ke nan. Ya tsallaka ta goma, ya tsallaka ta sha ɗaya, sauran suna ƙirga tsallen ba kunyar ba. Domin minti kuma, ta yanko karan dawa daidai faɗin kwarin, ta yi masa zane da wuƙa kashi goma sha biyu, kowane kashi minti biyar, ta gitta shi daga kunya zuwa kunya. Ba ta sa su ɗebewa ko kaɗan. Daga takwas da minti arba'in, yaro ya bi karan da yatsa har ya isa tara, ya riƙe ashirin, ya yi tsallensa, ya ƙara abin da ya rage. Da rani in kunyoyin sun baje sai su sake tada su da fartanya.

Abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba, domin ni nake gadon yaranta kowace shekara kuma na gani da idona. Amma Liyatu tana da aibi guda, kuma babba ne. Ƙararrawa a wajenta shawara ce. Malam Hayatu yana da wani tsohon ƙarfen taya da ya rataye a jikin mangwaro, da kansa yake buga shi, ba ya ƙara minti ba ya ragewa. Kowa in ya ji sai ya ajiye alli. Ita kuwa in akwai yaro ɗaya da bai gane ba, sai ta yi kunnen uwar shegu, ta cinye lokacin Turanci, ta cinye na tara, yara na hamma tana nan. Ba wai rashin sanin lokaci ba ne. Agogon Tizhe take ɗaurawa, wani ƙato na maza, kowace safiya tana daidaita shi da labaran rediyo. Duk makarantar babu wanda ya kai ta sanin ƙarfe nawa ne, ta ga dama ne kawai ta ƙi tashi.

Mu malaman wucin gadi dole ne mu nemi takardar Gired Tu, wato shaidar malanta, in muna son aikin ya ɗore. Duk hutu mukan tafi kwas, kuma Liyatu ta ci dukkan jarrabawar rubutu tun kafin ni. Abin da ya rage shi ne gwajin koyarwa, inda wani malamin kwaleji zai zo ya zauna a bayan ajinka da fom a hannu. Fom ɗin an raba shi gida-gida: gabatarwa, bayani, tambayoyin auna fahimta, kammalawa, da kiyaye lokaci, kuma duka a cikin minti talatin da biyar. A 1982 muka faɗi mu biyu. Ni tsoro ne ya kama ni har na manta abin da na shirya. Ita kuwa ƙararrawa ce ta same ta a tsakiyar bayani.

Shekarar da ta biyo baya Tizhe ya faɗo daga kan wani gini, ƙugunsa ya goce, bai sake ɗaukar bulo ba. 'Ya'yansu huɗu. Babbar, Mairamu, ta samu shiga sakandaren kwana ta 'yan mata, kuma ita ce farkon mace a danginsu da ta kai nan. Albashin Liyatu, duk da yakan yi wata biyu bai zo ba, shi ne tuwon gidan, shi ne kuma ke riƙe da Mairamu a makaranta. Ana cikin haka, a 1984, takarda ta zo daga ofishin ilimi cewa duk malamin da bai kammala Gired Tu ba zuwa ƙarshen shekarar karatu za a sallame shi. Gwaji ɗaya ya rage mana, a watan Yuni.

To, akwai yadda ake yi, kuma kowane malami a lokacin ya san shi. Darasin da za ka koyar ran gwaji sai ka koyar da shi sau uku kafin ranar, har yara su haddace. Ka ce musu in ka yi tambaya kowa ya ɗaga hannu, wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Waɗanda kansu ya yi tauri da yawa kuma ka ce musu gobe su huta a gida. Ni bakwai na ba hutu, kuma ban ji kunyar komai ba. Liyatu ta ƙi maganar hannun dama da hagu, amma ta yarda ta gwada darasin nata ina riƙe da agogo. Lissafin lokaci ta zaɓa, abin da ta fi iyawa. Ta fitar da yara gona, ta dawo da su aji, ta yi tambayoyi, ta kammala, minti talatin da biyu cif. Na ce Allah mun gode, yau Adda ta yi hankali.

Saura magana ɗaya, maganar Adi. Adi 'yar makiyaya ce daga wajen Mayo Bani, shekararta tara, siririya, ba ta da yawan magana. Da rani iyayenta sun tafi da shanu neman ciyawa, suka tafi da ita, sai da ruwa ya sauka ta dawo, mako ɗaya kafin gwajin. Duk abin da aka koya a gonar ba ta nan. Ga ta da ƙwaƙwalwa, amma in ba ta yarda da abu ba ko za ka yanka ta ba za ta ce ta yarda ba. Na ja Liyatu gefe ran jajibirin gwajin.

"Adda, ki bar yarinyar nan a gida kwana ɗaya tak. Ba wanda zai mutu."

"Wata huɗu ba ta nan, ta dawo kuma in ce ta koma? Ki ƙyale ni, Dibora. Ba zan dai kira ta ba."

Ranar Alhamis ce, an yi ruwa da asuba. Mai gwajin, Mista Ephraim Vandi, ya iso a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Dattijo ne mai sanyin magana, ba mugu ba, kada wani ya ɗauka labarin mugu nake bayarwa. Malamai huɗu zai duba a ranar a makarantu biyu. Aka sa Liyatu daga tara da kwata zuwa goma saura minti goma, ni kuma in karɓa daga nan. Tagar ajina tana kallon gonar, sai na ba yarana aikin kwafa na tsaya a jikinta.

Komai ya tafi yadda muka shirya. Yara suna tsalle suna ƙirgawa, Mista Ephraim yana tsaye a bakin gona yana gyaɗa kai yana rubutu, har na ga ya yi murmushi da ya ga karan dawa. Tara da minti arba'in ta yi tambayar ƙarshe kafin su koma aji: mota ta tashi daga Mubi ƙarfe bakwai, ta isa Gombi ƙarfe goma, awa nawa ta yi a hanya? Aji ya ce uku. Da suka yi shiru sai wata ƙaramar murya daga baya ta ce huɗu.

Mista Ephraim kansa na kan fom, ina jin bai ma ji ba. Liyatu ta riga ta juya ƙafarta wajen aji. Ina jikin taga ina cewa a raina tafi, Adda, tafi, don Allah tafi. Ta yi taku ɗaya ta tsaya, ta juyo ta kira Adi.

Ta ɗora ta a kan kunya ta bakwai ta sa ta tsalle. Adi ta yi tsalle uku ta tsaya a kan ta goma, aka tambaye ta, ta waiwaya ta nuna kunyoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ce huɗu. Yara suka yi dariya, Liyatu ta tsawata musu. Ta sake bayani da Hausa, ta haɗa da ɗan Fulatancin da ta iya. Adi ta saurara har ƙarshe, sannan ta faɗi abin da na ji da kunnena daga taga.

"Malama, in ana ƙirga shanu ba a tsallake na farko. Bakwai ma yana ciki."

Mista Ephraim ya yi gyaran murya, ya ɗan ƙwanƙwasa agogonsa da biro, wanda ma bai kamata ya yi ba, taimako ne ya yi mata. Saura minti uku. Liyatu ta dubi nata agogon, ta daɗe tana dubansa. Sai kawai na ga ta kwance shi daga hannu, ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar kunya da sabon zaninta, ta jawo Adi ta ɗora mata agogon a tafin hannu. Sauran yara ta ce su yi ta yi wa juna tambaya. Malam Hayatu ya buga ƙarfe, ya ƙara bugawa da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Mista Ephraim ya ƙara tsayawa minti biyar a lokacin da yake nawa ne, sannan ya rufe fom ya nufo ajina.

Na koyar da sassan tsiro, saiwa da kara da ganye. Hannaye suka yi ta tashi, na yi ta kiran na dama. Bakina na magana, idona na waje. Na gama har da ragowar minti biyu.

Abin da ya faru a gonar daga baya ta faɗa mini. Da ta dubi agogo ta ga ƙarfe goma na tafe, sai ta ga babu kunya ko kara da zai yi wa yarinyar nan abin da ƙarfe goman gaske zai yi mata. Suka zauna suna kallon dogon hannu yana hawa. Da ya hau kan sha biyu ta ce wa Adi ga ƙarfe goma ta iso yanzu-yanzu, nawa suka ci a cikinta? Adi ta duba ta ce ba su ci komai ba tukuna. Suka ci gaba da kallo har hannun ya sauka kan ɗaya, ta sake tambaya, Adi ta ce biyar. Sai ta mayar da ita kan kunya ta bakwai ta ce ga bakwai ta iso, nawa aka ci? Yarinyar ta dubi ƙafafunta, ta ce ba komai. Ta yi tsalle tana ƙirgawa da kanta, ta sauka a kan goma ta ce uku. Suka koma aji ƙarfe goma da minti biyar, muna jin shigarsu ta saman bango.

Da aka tashi hutu Mista Ephraim bai je ofis shan ruwa ba, ya shiga aji uku, mu ma muka bi shi har da Malam Hayatu. Ya yi wa yaran tambaya biyar ko shida, masu wuya ma, duk suka amsa. Sai ya nuna Adi ya ce malamarsu ta fara darasi tara da kwata, ta gama goma da minti biyar, minti nawa ta yi? Adi ta durƙusa ta ja layi biyu a ƙasa da yatsa, ta yi 'yan zane-zane a tsakani, ta ƙirga, ta ɗago ta ce hamsin. Ya ce daidai ne. Ina kallo ya rubuta hamsin ɗin a gidan kiyaye lokaci.

A ofis Malam Hayatu ya yi roƙo, shi da ya fi kowa faɗa da ita. Ya faɗi halin da gidanta ke ciki, ya ce yallaɓai ai gani ya kori ji. Mista Ephraim ya saurara, ya ce a makon nan kaɗai ya kayar da mutum tara a wajen Michika da Maiha kan irin wannan, kuma su ma suna da gidaje. Sannan ya dubi Liyatu.

"Malama, yaranki sun iya, na gani. Amma na bar wurin da rabin fom babu komai. Tambayoyinki da kammalawarki ban gan su ba, abin da ban gani ba kuwa ba zan sa masa hannu ba."

Ta ce ta gode, yallaɓai. Ko roƙo ɗaya ba ta yi ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi.

A hanyar gida na sauke mata kwandon masifa. Na ce haba Adda, wace irin wauta ce wannan, yarinyar da kike tare da ita gobe da jibi da gata, ba za ta jira kwana ɗaya ba? Na ce to ko ma ƙarfe goman kike so, agogon ba shi da abin murɗawa ne? Da kin murɗa shi ya kai goma a cikin daƙiƙa biyu, ki nuna mata, ki shiga aji. Muka yi tafiya mai nisa, laka ta bushe a bayan zaninta. Can ta ce da ta murɗa, da Adi ta ce ita ce ta yi da hannunta, irin yarinyar nan sai ta ga ƙarfe goman ya zo da kansa. Na ce to ai ga shi nan ya zo.

A watan Agusta aka liƙa sunaye a ofishin ilimi. Nawa yana ciki, nata babu. Takardar sallama ta biyo baya farkon Satumba. Daga baya sun koma ƙauyen Sahuda inda kawun Tizhe ke da gona, ta shiga noman gyaɗa, tana matsar mai tana toya ƙuli-ƙuli, ran Laraba ta kawo kasuwa. Nakan tsaya mu gaisa, mu yi maganar yara da ruwan sama, ba ma maganar makaranta. Ta rasu a shekarar da aka raba Gongola. Adi kuwa ba ta zama wani abin ba da labari ba. A aji biyar iyayenta suka yi kudu da shanunsu, ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ranar da takardar sallamar ta zo na bi ta gida da la'asar, don Malam Hayatu ya ba ni ragowar kayanta in kai mata. Saura kwana uku 'yan sakandare su koma. Na tarar da akwatin ƙarfen Mairamu a bakin ƙofar ɗaki, an riga an shirya shi, an ɗaure tabarma da bokiti a kai, an rubuta sunanta da farin fenti. Tizhe yana kishingiɗe a inuwa ya juya fuska wajen danga. A gabana Liyatu ta kira yarinyar, ta ce mata bana ba za ta koma ba, sai an ga abin da hali ya yi. Duk wanda ke wurin ya san hali ba zai yi ba. Mairamu ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta ce to Mama, ta ɗauki tulu ta fita, alhali randunan gidan a cike suke.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya zama. Na tambaye ta a kan idon mijinta ko yanzu ta ga abin da minti goma sha biyar suka saya mata, ko kuwa har yanzu gani take daidai ta yi. Na ɗauka za ta kawo mini wata hujja irin tata, sai ta zauna a kan turmi.

"Kowace safiya nake da-na-sani, Dibora. Yanzu da na kalli yarinyar nan ji na yi kamar in mutu. Amma ko yau aka mayar da ni kan kunyar nan, ban san yadda zan yi in tashi ba."

Muka zauna har kaji suka fara shiga akurki. Sai ta miƙe ta ce in kama mata, kada Mairamu ta dawo ta tarar da shi a ƙofa. Ta kwance tabarmar da bokitin ta ajiye gefe, ta kama hannu ɗaya na kama ɗaya, muka mayar da akwatin cikin ɗaki muka tura shi ƙarƙashin gado.